Tuta da Wanda ke Jan Igiyarta

Ina ɗan shekara tara kakana ya murɗe mini kunne a tsakiyar hanya, gaban mutane, saboda tuta. Daga kasuwa muke da marece, ni da ledar goro a hannu, shi yana dogara sandarshi, sai aka busa usur daga cikin wani gidan hukuma da muke wucewa. Tsohon ya tsaya cik kamar an dasa shi. Ni kuwa na ci gaba da tafiyata ina shurin gwangwani. Ban san sa'ad da hannunshi ya iso kunnena ba. "Kai abokina, ba ka jin usur? Tuta aka saukewa, tsaya!" Na tsaya, hawaye na zuba. Mai ga-ruwa ya aje gwangwanayenshi, wata mai fura ta tsaya da ƙwarya a kai. Wani mai kabu-kabu ne kaɗai ya wuce abinshi, kakana ya raka shi da harara har ya sha kwana.

Kakana gardi ne. Ba gardin makarantar allo ba, gardin gwamnati, mai kaki da bindiga, wanda ke tsaron ƙofar farefe da gidan kaso. Ya yi aiki a nan Tawa, ya yi Keita, ya yi Abalak da Cintabaradan, ya aje kaki a ƙarshen shekarun 1980. Da ƙungiyarmu ta ce kowa ya rubuta tarihin wani abu da yake gani kullum amma bai taɓa tambaya a kai ba, kunnena ne ya tuna mini.

Kalmar tuta ta girmi zuwan Nasara, amma aikinta dabam ne a da. A ƙasar Adar iko da kunne ake jin shi. Tun da Agabba ɗan sarkin Agadas ya karɓe Adar daga hannun Kabi a 1674, kamar yadda Malam Djibo Hamani ya bi diddigi a littafinshi kan Adar kafin mulkin mallaka, alamar sarauta tambari ce, har ma Tambari ya zama sunan sarauta wajen Abzinawa. Tuta kuwa ta yaƙi ce. Bayan 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riƙa ba mutane tuta: Modibbo Adama, Buba Yero, Yakubun Bauci da sauransu. Mutum ake ba, ya ɗauka ya tafi da ita, inda ya sa gaba nan take zuwa. Tutar da ake kafa wa ƙarfe a gaban gini, a ɗaga ta da safe a sauke da marece bisa agogo, ko akwai yaƙi ko babu, wannan baƙuwa ce, kuma mun san lokacin da ta zo.

Dalilin zuwanta Tawa ma abin dariya ne, in ba don abin da ya biyo baya ba. A yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898, Faransa da Ingila suka zauna a Paris, aka ɗora tsinin kamfas a kan Sakkwato aka zana rabin da'ira mai nisan mil 100, wajen kilomita 160 ke nan. Abin da ke ciki na Ingila. Wanda ya zana bai taɓa jin ƙishirwa ba. Faransawa suka wayi gari ba su da hanyar zuwa Damagaram daga bakin kogin Isa sai sun zagaya ta arewa, ta Filinge da Tawa, inda rijiyoyi ke nesa da juna. Haka garinmu, wanda asalinshi Bilbis ne da Fakawa, ya zama zango na dole, suka kafa bariki a 1900. A 1901 suka gwabza da Kel Geres a Galma. Sai a 1904 da 1906 aka gyara iyakar, Ƙonni ta dawo ɓangaren Faransa, hanya ta sauka kudu. Amma bariki ya riga ya zauna, tuta mai shuɗi da fari da ja ta riga ta hau.

A ƙarƙashin wannan tuta akwai kwamanda, a ƙofar kwamanda kuma akwai gardi mai jar dara da bulala. Da yawansu tsofaffin sojan Faransa ne, kuma sau da yawa ba ƴan ƙasar da aka kai su ba ne, don kada su ji kunyar kowa. Su ke rakiyar masu karɓar lanho, su ke kamo mutane aikin dole na hanya da ɗaukar kaya, su ke riƙe da makullin kaso. Akwai dokar da ake kira andijena, wadda ta ba kwamanda ikon ya ɗaure talaka ba alƙali ba shari'a, a farkonta har kwana 15 da tarar faran 100, kuma raina wakilin hukuma yana cikin laifuffukan. Mi ne ne raini? Abin da gardi ya ce raini ne. Ka wuce bisa jaki ba ka sauka ba, ka wuce da takalmi, ka yi jinkirin gaisuwa. Sai a 1946 aka soke andijena, aka kuma soke aikin dole da dokar 11 ga Afrilu mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny.

Na daɗe a kan wannan don ina ganin a nan ne tushen abin da ke damuna. Tsayuwar da kakanninmu suka fara yi a gaban tuta ba ta ƙauna ba ce, ta tsoron bulala ce. Kakana da kanshi bai musa ba. Yakan ce ubanshi, in zai shigo Tawa daga ƙauye, gara ya ƙara tafiyar rabin sa'a da ya bi ta gaban bariki.

Tamu tutar an amince da ita ranar 23 ga Nuwamba 1959, tsakanin kafa jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958 da samun ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Launi uku a kwance, ruwan goro a sama, fari a tsakiya da dunƙulen ruwan goro, kore a ƙasa. A lakwal mushe ya koya mana cewa na sama hamada ce, na ƙasa gonaki da fatan alheri, farin tsarkin zuciya, dunƙulen kuma rana. Ni tun ina yaro nake ganin mu Adarawa a kan farin nan muke zaune, ba mu cika kore ba, ba mu kai hamada ba. Ashe ma hukuma ta ja layin da gaske: dokar 26 ga Mayu 1961 ta sa iyakar noma ta arewa, wadda ta ratsa arewacin jiharmu, kudu na manoma, arewa na makiyaya. Wanda ya san yadda ake kwana tsakanin gona da garke daga Abalak zuwa Keita ya san layin nan bai tsaya inda aka zana shi ba. Amma wannan wani rubutu ne.

A 1960 kakana saurayi ne, bai shiga kaki ba tukuna. Na sha tambayarshi abin da ya gani ranar ƴancin kai, ina jiran ya ba ni labarin kiɗa da sukuwa. Abin da ya riƙe ɗaya ne: "Gardin da ya sabke ta Nasara shi na ya hau da tamu. Hannu guda, igiya guda." A lokacin na ɗauka zancen tsofaffi ne. Daga baya na gane tarihin rundunar ne kaf ya ba ni. Gardawan kwamanda su suka zama Garde républicaine. Dokar 1964 ta kashe sunan kwamanda ta kawo farefe da sufarefe, gardi yana nan a ƙofa. A 1997 aka sake wa rundunar fasali aka kira ta FNIS, a 2010 ta zama Garde nationale. A farkon shekarun 2000 Tawa ta zama jiha mai gwamna, gardi yana nan a ƙofa. Har yau cikin aikinsu akwai tsaron gine-ginen hukuma da gidajen kaso da kiyaye doka a karkara.

Ka'idojin tutar kuwa, kakana ya fi sanin su da ya san sunayen jikokinshi. Ba ta kwana a waje. Ba ta taɓa ƙasa, ko da bakinta ne. Shi ya sa mutum biyu ke saukewa, ɗaya na sakin igiya a hankali, ɗaya ya tara hannu. Kafin a ɗaura, a duba sau biyu cewa ruwan goro ne a sama, don wanda ya hau da ita kore a sama ya san a kaso zai kwana. In ana zaman makoki ba a tsayar da ita a rabi kai tsaye: sai ta kai ƙoli tukuna a dawo da ita tsakiya, da marece ma sai ta koma ƙoli kafin ta sauko. Iskar hunturun Adar ba ta barin ƙyalle, wata biyu uku bakin ya tsage, rana ta mai da ruwan goron ruwan ƙasa. Sabuwa kuma ba kullum take zuwa daga Yamai ba. Kakata, Allah ya jiƙanta, ta ce a Abalak ita ke ɗinke bakin tutar da dare a fitilar kwai, kuma ba a yarda ta aza ta bisa tabarma ba, sai bisa cinyarta. "Maigidana," in ji ta, don haka take kirana, "na yi wa gwamnati ɗinki shekara huɗu, ko dala ba ta ba ni ba."

Zamanin Kunce ne ya fi daɗin ba da labari. Ranar 15 ga Afrilu 1974 aka wayi gari soja sun kifar da Diori Hamani. Na ce da shi, to ku me kuka yi? Ya ce ƙarfe ya buga, suka hau da tuta. Bayan nan hafsoshi suka zama farefe. Tanja Mamadu, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya riƙe Tawa daga 1981 zuwa 1988. A shekarun nan, in ji tsofaffi, usur in ya tashi ko jaki sai an ja mashi birki, ma'aikaci kuma ba ya yarda tuta ta riga shi isa buro. Kakana yana kiran wannan ladabi. Kawuna, wanda ya yi karatu a lokacin, yana kiranshi tsoro. Sun yi wannan gardama a gabana ya fi sau goma, kuma ni dai ina ganin kawu ya fi kusa da gaskiya, ko da yake ban taɓa iya faɗa a gaban tsohon ba.

Abu ɗaya dai ya tabbata. An yi juyin mulki sau biyar, 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. An sauya tsarin mulki ban san iyaka ba. Taken ƙasar ma, wanda Bafaranshe Maurice Albert Thiriet ya rubuta aka ɗauka a 1961, an sauya shi a watan Yunin 2023. A 2025 tutar AES ta hau kusa da tamu bayan ficewa daga CEDEAO. Amma ƙyallen 1959 ba wanda ya taɓa shi.

A arewa labarin ya fi nauyi. A watan Mayun 1990 wasu matasan Abzinawa, cikin waɗanda suka dawo daga Libiya da Aljeriya, suka kai hari gidan hukuma a Cintabaradan. Martanin soja ya faɗa kan fararen hula. Gwamnati ta ce gommai ne suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa, har maganar ta kai gaban Babban Taron Ƙasa na 1991. Tawaye ya biyo baya, sai yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, ranar da muke hutu yanzu da sunan haɗin kan ƙasa. Cikin abin da aka shirya har da ɗaukar tsofaffin ƴan tawaye cikin kaki. Wato wanda jiya ya harbi ginin, yau shi ke jan igiya a gabanshi. Kakana ya ƙi wannan da farko. Daga baya ya sauko, ya ce wanda ya san rijiyoyin Azawak ya fi shi amfani a can.

Ranar 6 ga Oktoba 2016 ƴan bindiga suka afka wa masu tsaron sansanin ƴan gudun hijirar Mali a Tazalit, ƙasar Tasara, da rana tsaka. An kashe 22, kuma 14 daga ciki gardawa ne. Kakana ya ji a rediyo. Bai ce komi ba, bai ci tuwon dare ba. Washegari ya sa na raka shi har inda muka taɓa tsayawa, ya duba ko sun sauke ta rabi yadda ya kamata. Bai kai 2021 ba, da aka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya ranar 21 ga Maris aka yi makokin kwana uku. Wani lokaci nakan ce gara da bai gani ba.

To, ga abin da ya sa na zaɓi wannan batu, ba kunne kaɗai ba.

Bara da bazara na yi sitaj na wata biyu a wata ma'aikatar gwamnati. Ba ta cikin manyan da ake ba gardi. Mai gadinta wani dattijo ne da kamfanin tsaro ya turo, da kaki mai shuɗi da ya koɗe da sanda. Irin su sun yi yawa yanzu a ƙofar bankuna da ma'aikatu da gidajen ƙungiyoyi. Mafi ƙarancin albashi a doka jika 42 ne tun farkon 2024, kuma da na tambaye shi ko yana samun haka, dariya kawai ya yi. Shi ke hawa da tuta shi ke saukewa, kuma wallahi ko kakana ba zai same shi da kuskure ba. Ya kewaye gindin ƙarfen da duwatsu ya shafe su da farar ƙasa, ya zuba rairayi mai laushi a ciki, kullum da safe sai ya share.

Wata Laraba wajen ƙarfe ɗaya, zafi kamar ya tsage kai, kilim da fanka duk suna aiki, sai muka ji ƙauri. Wayar kuran ce ta kama a bayan kabad ɗin takardu. Kafin a ce me, hayaƙi ya cika ɗakin. Mu bakwai ne a ciki, har da masu digiri biyu. Sakatariya ta ruga ƙofar baya, a kulle, an jingine mata tarin fayil, makullin kuma yana aljihun wani da ya yi tafiya. Tagogi duk da ƙarfe. Baba mai gadi ya shigo a guje da buta cike da ruwa zai watsa wa wayar, Allah ya sa palanto ya riƙe hannunshi, ya fita ya kashe wutar daga babban makunni. Ni na cizgo jar tukunyar kashe gobara daga bango. Kullum ina wuce ta, ban taɓa karanta abin da ke jikinta ba. Na matsa, ba ta yi ba. Aka ce in zare ƙusar, na zare, na matsa, ta yi ɗan tsaki ta yi shiru. Allurarta tana kan ja, kwanan watan dubawa ya wuce da shekaru. Babu wanda ya tuna ya kira 18.

Baba ne ya cece mu. Ya fita da bokitin shara, ya durƙusa a gindin tuta ya kwashi rairayin nan nashi, muka yi layi muna miƙawa. Bokiti shida ko bakwai wutar ta mutu. Kabad ɗaya ya ƙone da rabin abin da ke ciki, takardun mutane ne, wasu sun yi shekara suna jira.

Da dare na kasa barci. Na tuna 13 ga Afrilu 2021, da gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai ta kashe yara 20, da 8 ga Nuwamba na shekarar a Maradi, inda aƙalla 25 suka tafi. Duk lakwal ɗin da na yi a rayuwata akwai ƙarfen tuta a tsakar fili, kuma tun aji ɗaya aka koya mana yadda ake tsayuwa, inda ake sa hannu, da lokacin da ba a motsi. Shekara goma sha shida ina karatu, ko sau ɗaya ba a taɓa cewa mu tashi mu gwada fita daga aji cikin tsari ba. Ba wai dokar babu ba. Dokar aiki ta 25 ga Satumba 2012 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya koya wa sabon ɗauka tsabta da kariya a wurin aiki, kuma mai gadin kamfani yana cikin waɗanda ta shafa. Na tambayi Baba abin da aka koya mashi ranar da aka ɗauke shi. Ya ce an ba shi kaki da sanda da usur, an nuna mashi yadda ake sara wa babba.

Wannan gadon bariki ne, a ganina. An kafa mai tsaron ƙofa don ya kare martabar wanda ke ciki daga talakan da ke waje, ba don ya fitar da mutane da rai in ginin ya kama ba. Jar dara ta tafi, bulala ta tafi, horon bai sauya sosai ba. Ban ce a daina tsayuwa ba. Ni ma yanzu ina tsayawa, ba don kunne ba, don mutum 22 na Tazalit da ɗinkin kakata. Amma lokacin da ake ba tuta kowace safiya, a ɗebi kwatankwacinshi sau ɗaya a wata a nuna wa mutane inda makunni yake da wanda ke riƙe da makullin baya.

Sati uku bayan gobarar aka kawo tukwane biyu sababbi aka rataye. Ba wanda ya zo ya yi bayani. Ranar da zan gama sitaj, da marece, Baba ya kira ni gefe, ya sauko da ɗaya ya aje a kan benci.

"Ɗana, kai da ka yi boko, karanta min abin ga da Hausa. Sannu-sannu."

Na karanta mashi. A zare ƙusa. A tsaya baya kamar taki uku. A auna gindin wuta, ba harshenta ba. A matsa, ana kaɗawa hagu da dama. Na nuna mashi allurar, na ce in ta bar kore ya gaya wa na sama. Ya sa na maimaita sau uku, yana bi da yatsa a kan hotunan, sannan ya maimaita mini da ka, bai ɓata ko ɗaya ba. Ya tambaya ko ana iya gwadawa. Na ce in an matsa sau ɗaya sai an sake cikawa. Ya jinjina kai, ya mayar da ita bango.

Sai ya dubi rana, ya ce lokaci ya yi, palanto kuma ya riga ya tafi. "Zaka ka tara min hannu." Na bi shi gindin ƙarfen, inda ya riga ya zuba sabon rairayi. Ya busa usur, ya fara sakin igiya.